Hannun Gwaggo Zali da Takin San Turka

Mun tashi daga Yamai ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina, tsohon malamin gona da ya ajiye aiki ya koma kiwon zabi da gardama. Na ce mun tashi, amma duk wanda ya taɓa shiga motar Filingue ya san fita daga gida daban, tashin mota daban. Sai da rana ta ɗaga, muka sha shayi muka ƙara, aka ɗaure buhuna da katifa da keken ɗinki a bisa, sannan direba ya tuna yana da saƙo a bayan tasha. Kuɗin mota ya ɗara na bara, wurin zama kuma ya ragu. Kujerar mutum uku mu huɗu ne a kanta, ga kwandon wata Hajiya da ya zaɓi cinyata ya zauna har Filingue bai biya ko dala ba.

Ba yawon shan iska ya fitar da ni ba. Taubashiyata ce ta kira ni a waya, ɗiyar Gwaggo Zali, yayar mahaifina. Tun muna yara matar nan ba ta taɓa buɗe mini baki ba sai da tsiya, amma ran nan ko "bawana" ba ta ce ba. Ta ce in zo, Gwaggo ta daina shiga garka.

Garka ita ce lambu a bakin mutanenmu, kuma wanda bai san Gwaggo ba zai ce wannan ai ba labari ba ne. A ƙauyensu, kudu kaɗan da Filingue, mata suna da garka babba guda, kowace da fangalinta, rijiya ɗaya suke ja. Al'adarsu ce idan lokacin dashe ya zo, mace ta roƙi mai albarkar hannu ta kafa mata tsiron farko. Tun da na yi wayo, Gwaggo ce mai wannan hannun. Har cewa ake ko muciya ta dasa sai ta yi ganye. To bana tomatin wasu mata ya lalace, lalacewar da ba a taɓa gani ba, kuma duk fangalin da ya lalace Gwaggo ce ta kafa masa tsiron farko. Ba wanda ya zage ta. Cewa kawai aka fara yi, a hankali, hannun Zali ya juya. Da na ba abokina labari sai ya ce ganyen bushewa ya yi ko naɗewa? Na ce ban sani ba. Ya ce to a kama masa wuri a mota.

Hanyar dai kun san ta. Gudoro ne, wato kwalta, amma akwai inda ramuka suka fi shi yawa. A kowane shinge sai a sauko a nuna kati, a koma a matse, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, don kowa ya san halin da ƙasa take ciki. Mun wuce Hamdallay muka shiga Baleyara ana jajibirin kasuwa. Garken shanu da raƙuma suna ta kwararowa daga arewa, Zabarmanci da Buzanci da Fillanci da Hausa duk a kunne guda. Nan na ci kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli, mai yaji har sai da na yi hawaye. Mai sayarwar ta ce mini "fofo", na mayar mata da duk Zabarmancin da na mallaka, wanda bai cika cokali ba, ta yi dariya ta ƙara mini.

Daga Baleyara ƙasa take sakewa. Mota takan bi cikin dallol, wani kwari mai faɗin da ido ba ya cin ƙarshensa sai can nesa, inda jajayen duwatsu suka tsaya gabas da yamma kamar katanga. Na bi hanyar nan ba adadi, amma ban taɓa kallonta da ido biyu ba sai wannan karon. A bisa tudu komai ya bushe, gonakin hatsi sun koma kara. A cikin kwarin kuwa ga gawo ya yi ganye shar, shi da ba ya yarda ya yi ado sai kowa ya tuɓe, ga goriba, ga garake kore-kore. Wajen Bonkuku dankalin turawa ne shimfiɗe hagu da dama, mutane suna ta ban ruwa daga rijiyoyin da igiyarsu ba ta fi ta ɗaure akuya ba. Na ce Subhanallahi a fili, har Hajiya mai kwando ta zaci wani abu ne ya faɗo daga bisa.

Mun isa Filingue bayan azahar. Daga nan amalanken jaki muka hau, jakin kuma ba shi da wata alaƙa da sauri. Muna shiga gida na ga Gwaggo zaune bakin ɗakinta, ta rame har ɗankwalinta ya yi mata yawa. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta kama sunana.

"Babana, kai na? Wa yac ce ka taho? Ni lahiyata lau."

Na ce kewar tuwonta ce ta kawo ni. Ta yi murmushin da bai kai ido ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa ganin Gwaggo tana zaune hannu rabbana da la'asar ba.

Da safe taubashiyata ta kai mu garka. Gwaggo ta biyo mu har bakin shinge, ta nemi gindin gawo ta zauna a waje, ta ce mu shiga ita ta nan ma tana gani. Abin da muka tarar a ciki ya ɗaure mini kai. Fangali biyu maƙwabtan juna, taku guda tsakaninsu, ruwa ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya. Wannan tomatinsa ya yi kore ya yi fure, wancan kuwa ya tsaya cak. Bai mutu ba, bai yi rawaya ba, babu tsutsa babu fara. Ganyen ne ya ƙanƙance ya dunƙule, kan tsiron ya naɗe kamar wutsiyar hawainiya. A gefen wannan fangalin da ya lalace kuma ga masara ta fi ni tsawo, tana ta rawa da iska abinta.

Abokina ya tsuguna ya dudduba ganyen. Sannan ya ce a nuna masa na waye da na waye. Taubashiyata ta yi ta nunawa. Wannan na Inna Mintu ne, shugabar matan garka, aminiyar Gwaggo tun suna ƴan mata. Wancan na matar liman, na can na wata maƙwabciya da mijinta ya rasu, sai na Gwaggo kanta, wanda ya fi kowane lalacewa. Fangalin da ya fi kowane kyau kuwa na wata Habsu ne, wadda suka yi faɗa da Gwaggo bara a kan akuyarta da ta cinye dashe, har yau gaisuwarsu daga nesa ce.

Ya ce da me suka yi taki? Nan ne zancen san turka ya fito. Bara Gwaggo ta turke sa a gida, ta yi ta ba shi abinci har ya yi bul-bul ta sayar. A wajen masu garka babu taki kamar na san turka. Baƙi ne, mai laushi, ba a sayar da shi, sai dai a ba wanda ake ji da shi. Gwaggo ta tara nata a rami, damina ta wuce a kansa ya ruɓe, da kaka ta ɗauka da kanta, kwando-kwando, ta kai wa mutanen da ta fi so. Habsu ta aiko a sam mata, Gwaggo ta ce ya ƙare, alhali bai ƙare ba. Ita Habsu sai ta shiga daji tana tsintar kashin awaki. Kun ga kenan duk wadda aka ba taki ita ce aka kafa wa tsiron farko. Amma ba wanda ya kawo taki a ransa. Taki ai abincin ƙasa ne, wa ya taɓa jin ya yi laifi? Ga kuma masara nan a cikinsa tana ba da shaida.

Muka fito wajen Gwaggo. Abokina ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Inna, san nan, me ya ci?" A karon farko na ga fuskarta ta saki. Ta ce bara haki ya yi wuya, wato ciyawa, har mutane suna sauke tsohuwar ciyawar rufin ɗaki suna ba dabbobi. Sai ga manyan motoci sun kawo wani daga kudu, a ɗaure dami-dami mai kusurwa huɗu kamar bulo.

"Haki na wanda ban taɓa ganin irinai ba," in ji ta. "Tsab. Babu ƙaya, babu gadagi, babu ganye ko guda. Tsada gare shi, amma nic ce san ga ya cancanta."

Abokina ya sake tambaya, ko ganye ɗaya babu? Ta ce ko ɗaya. Ya dafe kai.

Da yamma aka tara matan a gidan Inna Mintu ya yi musu bayani. Ya ce zato yake, bai rantse ba. Akwai wani irin magani da ake fesawa a manyan gonakin ciyawa, wanda ba ya taɓa tsiro mai siririn ganye, dangin hatsi da masara, amma duk mai faffaɗan ganye sai ya murɗe shi. Shi ya sa ciyawar take fitowa tsab, don ciyawar Allah ba ta rasa gadagi ko yaɗiya a ciki. Ciyawar takan sha maganin ta riƙe. Dabba ta ci, ba ya narkewa a cikinta, ya fita cikin kashi da fitsari yadda ya shiga. A tara takin ya ruɓe, shi yana nan da ransa. Ɗan abin da ido ba ya gani ya ishi tomati da wake da dankali.

Inna Mintu ba ta ruɗu ba. Tsohuwa ce mai ido kamar na shaho, ta gyara zama ta ce, "Malam, tsaya in ji. Magani anka zuba wata ƙasa da ba mu san sunanta ba. Haki yash sha, anka yanke, anka ɗoro mota. Sa yac ci, yay yi kashi. Damana guda tay yi ruwa bisa nai. Kuma shi na yat tashi yanzu shina murɗe tomati? Ai ko aljani na, ya gaji ga hanya."

Aka fashe da dariya, har ni, don maganarta ta fi tasa kama da hankali. Abokina ya ce to kada a yarda da shi, a tambayi wake, shi ba ya ƙarya kuma ba dangin kowa ba ne. A kawo kasko biyu. Ɗaya a zuba masa ƙasar tudu da kashin awaki, Gwaggo ta shuka wake a ciki da hannunta. Ɗayan a zuba masa takin san, Inna Mintu ta shuka, Gwaggo ko inuwarta kada ta taɓa shi. Ruwa ɗaya, wuri ɗaya. Idan hannu ne za a gani, idan taki ne za a gani.

Kowa ya gane abin da ake nufi. Zuwa yanzu raɗe-raɗi ne kawai. Amma idan waken Gwaggo ya ƙi, ko don sanyi, ko don ɓera, ko don iri mara kyau, to an yanke mata hukunci a gaban jama'a, kuma babu mai sake miƙa mata dashe har ta koma ga Allah. Na so in ce a bari. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ce, "In hannuna na, gara in sani. Kawo waken." A nan na gane abin da ya ramar da ita. Ba maganar mutane ba ce, ita kanta ta fara yarda. Ta tura ƙwayar waken cikin ƙasa da yatsunta.

Aka ɗora kaskon biyu bisa rumfar Inna Mintu, aka lulluɓe da tsohon gidan sauro. Ni da na zo da niyyar kwana biyu sai na buga waya gida na ce a daina jirana. Taubashiyata, da ta ga uwarta ta ɗan ci tuwo, bakinta ya dawo. Ta naɗa ni sarkin korar kaji, ta ce a ƙarshe dai an samo aikin da ya dace da karatun mutanen Yamai.

Jiran wake ne ya ba ni damar ganin Kurfai, wato ƙasar Filingue, yadda ban taɓa ganinta ba. Wata safiya muka hau dutsen da ke gabas da ƙauyen. Hawan ya nuna mini shekaruna, na tsaya hutawa ina cewa kallon ƙasa nake. Amma da muka kai bisa na juya, sai numfashin ya tsaya da kansa. Dallol ɗin gaba ɗaya yana kwance a ƙarƙashinmu, ya taho daga arewa ya miƙe kudu, da gaɓarsa da lanƙwasarsa da tsibiransa, kogi sak, sai dai babu ruwa. Garuruwa a cikinsa kamar an watsa tsaba, rumbuna, ayarin raƙuma yana ratsawa a hankali. Abokina ya ce kogi ne na gaske a zamanin da babu mai tunawa, kuma bai mutu ba, shigewa ƙasa ya yi, har yau yana tafiya a ƙarƙashin rairayi, shi ne matan nan suke ja da guga. Na zauna bisa dutse. Kakannina sun yi rayuwarsu duka a bayan kogin da ba su taɓa gani ba, ni kuma na wuce ta kansa sau nawa ina barci a mota. Girman Allah ya cika mini ciki har na ji ƙwalla.

Muka sauko muka tarar wake ya tsiro. Duka biyun. Kasko na Gwaggo ya fito, na Inna Mintu ma ya fito, ganye bibbiyu lafiya lau, na takin ma kamar ya fi kauri. Mata suna zuwa suna leƙawa suna tafiya. Abokina ya ce a jira ganye na gaba, na farko guzurin ƙwaya yake ci. A gaban mutane ya faɗa da ƙarfin hali. Da muka keɓe kuwa ya ce mini, "Na sa tsohuwa caca da sunanta. In na yi kuskure ban san inda zan sa kaina ba." Ranar ko gardama bai yi ba.

Ran kasuwar Filingue muka tafi neman mai hakin. Kasuwa ce mai daɗin yawo. Hatsi ya sauko kaɗan saboda kaka, albasa da mai kuwa sai dai a gaishe su a wuce. Ga tabarmin kaba, ga akushi, ga kanwa, ga Buzaye mata da cuku, busasshen nonon nan mai faɗi kamar takarda, wanda na saya don tsaraba na cinye rabi kafin la'asar. Mai hakin mutumin kirki ne, ya shimfiɗa mana buzu ya sa aka kawo fura. Ya ce shi ma daga mota ya saya, mai motar kuma daga wani ya saya, can kudu, bayan kogi, bayan iyaka. Sunan gonar? Ya ɗaga hannu sama. Ya ce shi dai ya san dabbobi da yawa sun ga damina saboda hakin nan, kuma gaskiyarsa ce.

Abokina ya ce ya nuna mana inda ya jibge damman bara. Ya zagaya da mu bayan rumfarsa. Fili ne da tafasa ta cinye da damina, busassun karanta har gwiwa ko'ina. A tsakiya kuwa ga wani wuri mai kusurwa huɗu, daidai girman jibgin, tafasar ta zo bakinsa ta tsaya kamar an ja mata layi. A ciki babu komai sai siririyar ciyawa. Mai hakin ya ce ya lura, amma ya ɗauka nauyin kaya ne ya danne ƙasa. Muka tsaya mu uku muna kallo. Abin da aka ɗauke tun bara ya bar sawunsa a ƙasa, ruwan damina guda bai goge shi ba. Ban san ko tsoro na ji ko mamaki ba, na dai ji bakina yana ta salati.

Amma filin bayan rumfa ba zai wanke Gwaggo ba, sai wake. Aka ci gaba da jira. Sanyi ya sa tsiron yana tafiyar hawainiya. Na kori kaji har sun san muryata. Gwaggo ba ta taɓa zuwa ta leƙa ba, ba ta kuma tambaya ba, sai dai duk wanda ya shigo daga gidan Inna Mintu takan dubi fuskarsa.

Ranar da abin ya bayyana, Inna Mintu da kanta ta aiko a kira kowa da hantsi. Aka sauko da kasko biyu tsakar gida aka yaye gidan sauron. Ba sai an yi bayani ba. Waken Gwaggo ya buɗe sabon ganye uku-uku, shimfiɗaɗɗe, kore shar, har ya fara neman abin kamawa. Na cikin takin kuwa sabon ganyensa ya fito a dunƙule, siriri, kansa a naɗe, irin naɗin tomatin garka ba bambanci. Inna Mintu ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga hannunta na dama ta nuna wa mata.

"In maganar hannu ta, to ga mai mugun hannu nan, ni. Ni nish shibka wanga." Ta juya ga Gwaggo. "Zali, ki yahe muna."

Wata ta rangaɗa guɗa, wasu suna kuka, matar liman tana ta hamdala. Na zaci Gwaggo za ta yi murna. Ta tsuguna gaban kaskon da ya lalace, ta shafa ganyen da yatsa, sannan ta ɗago ta dubi abokina.

"Malam, shi san, da yac ci, ya ji ciwo?"

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Abokina ya ce iyakar saninsa abin wucewa yake yi ta cikin dabba, ba a ganin ta da wata cuta. Ta gyaɗa kai ta ce alhamdu lillahi.

Sai aka koma zancen gyara, kuma nan daɗin ya ragu. Sunan Gwaggo ya wanku, amma tomatin bana na waɗannan mata ya tafi, kuma da shi suke sayen sabulu da magani da kayan lakwal, wato makaranta, na jikoki. Abokina ya ce a kankare takin da ƙasar sama a kai gonar hatsi, can ba zai yi ɓarna ba, a sa masara a fangalin bana, kada a mayar da tomati sai an sake tambayar wake. Matan suka ce za su yi gayya. Gwaggo ta ce a'a. Kowa ya san karɓe kyauta abin kunya ne, ita kuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta roƙi izini. Ta ce, "Da kaina nik kai, da kaina ni ka ɗaukowa." Aka yi juyin duniya ta ƙi.

Ran da za mu taho, amalanke yana ƙofar gida, na ga Gwaggo tana shiga ɗaki tana fita. Na san abin da ke damunta. Ba ta taɓa sallamar baƙo ba tare da kayan garkarta ba, bana kuwa ba ta da ko ganye. Sai ga sallama. Habsu ce, da kwando a ka, cike da ganyen salati, wato latas, da tomatin fari da ya fara nuna. Na miƙa hannu zan karɓa ina godiya, ta kauce mini, ta sauke a gaban Gwaggo.

"Baƙonki na, ba nau ba. Amshi ki ba shi."

Gwaggo ta sunkuyar da kai ta ce, "Habsu, takin ga bai ƙare ba sa'ad da kinka aiko. Hana ki niy yi."

"Na sani," in ji Habsu. "Rowarki ta tsirad da ni. Allah shi ƙara maki rowa."

Dariyar da Gwaggo ta yi har sai da ta riƙe bango, rabona da jin irinta tun ina saurayi. Ta ɗauki kwandon ta miƙo mini.

Dawowa ta fi tafiya sauƙi, ko don na saba da matsi ne. Kwandon ne a cinyata har Yamai, wannan karon ban yi ƙorafi ba. Abokina ya farfaɗo sarai, tun daga Bonkuku yake gardama da wani dillalin awaki a kan abin da bai shafe su ba su duka. Mun shiga gari ana kiran magariba, hayaƙi da ƙarar babura suka tarbe mu, mai ɗakina ta ce na yi baƙi na kuma rame, ta karɓe kwandon kafin ta karɓi jakata.

Abin da na koyo ba shi da yawa, amma ya zauna mini. Masu lambu, taki ma a tambayi asalinsa kamar mai neman aure: wace dabba, me ta ci, daga ina abincin ya fito. In an yi shakka a shuka wake a kasko kafin a zuba a fangali, kuma ciyawar da ta cika tsabta a dube ta sau biyu. Na kuma ga yadda duniyar nan take a haɗe fiye da yadda muke zato. Wani mutum can da ba mu san sunan garinsa ba ya fesa gonarsa, bai yi nufin kowa da sharri ba, ya tafi gida ya ci tuwo, abin ya ratsa iyaka da kasuwa da cikin sa da damina ya zo ya hana wata tsohuwa barci a Kurfai. Mu kuma da abu ya fi ƙarfin saninmu, wanda ya fi kusa da mu muke fara kallo.

Jiya na kira taubashiyata. Bayan ta gama yi mini tsiya na ce a ba ni Gwaggo. Ta ce ba ta nan, tun da safe ta fita. Tana can tana kwashe kyautarta da kai, kwando-kwando, daga fangalin mutanen da ta fi so a duniya.